Ungulu Ta Rasa Gidanta Na Tsamiya: Me Ya Shafi 'Yan Kara?

'Yan uwa mazauna kurmi, na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, da na Anacha da Inugu da Lokpanta da Fatakwal. Daga Abuja nake rubuto muku, kuma da tambaya zan fara. Don Allah kowa ya tsaya ya tuna: yaushe rabonka da ka ga ungulu da idonka? Ba a waya ba, ba a talabijin ba, a kan rufin kwata ko a saman bishiya.

Na yi wa mutane wannan tambayar a kasuwar shanu ta Dei-Dei, inda mahaifina yake fatauci tun kafin a haife ni. Dattawa sai su yi shiru, su ɗaga kai sama kamar za su hango ta, sannan su ce wallahi an daɗe. Yaran da ke kora mana shanu kuwa, akwai wanda ya ce shi a karin magana kawai ya san ta. Tsuntsuwar da a da sai an sa yaro da sanda ya riƙa korar ta daga kan tumbi, yau ta zama labari, kuma ba wanda ya lura da ranar da ta tafi.

Abin da nake so in faɗa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Gidan da ungulu ke haihuwa a ƙasar nan yana bayan kwatarmu da kararmu, a kan dogayen bishiyoyin da muke wucewa kullum. Idan za ta tsira, da hannunmu a ciki. Idan ta ƙare, mu ne na farko da za mu biya kuɗin rashinta.

Maɗatai uku na bayan kwata

Ina ɗan shekara tara ko goma, Baba yakan tafi da ni ran Asabar wata kwata da ke wani gari a gefen Abuja, inda yake kai wa mahauta shanu bashi ya dawo karɓar kuɗi. Bayan kwatar akwai manyan bishiyoyin maɗaci guda uku a bakin rafi. A can ƙololuwa, inda reshe ya rabu biyu, akwai tarin ƙirare kamar an ɗora kwando. Sheƙar ungulu ke nan. Da hunturu za ka ga ɗaya kwance a ciki ba ta motsi, ɗayar tana ƙasa tana jiran a zubar da kayan ciki.

Baba ya taɓa nuna mini wani abu da ban manta ba. Wata saniyarmu ta ɓalle da dare bayan an sauke ta daga tirela, aka yi ta nema ba a gani ba. Da hantsi ya ɗaga kai ya ga ungulaye na kewaya wani kwari, ya ce mu nufi can. Muka tarar da ita ta faɗa rami ta karye, da sauran numfashi, aka samu aka yanka. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Ungulu ba ta jewar banza. Yau ta fisshe ni asarar saniya guda."

Bara na koma wurin. Maɗatan nan babu ko kututture. An ja katangar bulo har bakin rafin, an yi gidajen haya. Kwatar tana nan ana yanka kamar da, amma abin da ke kan juji sai karnuka da hankaki da ƙudaje. Na zauna wajen awa biyu ina kallon sama, ban ga ko ɗaya ba.

Abin da masana suka auna

Abin da idona ya gani, masana sun riga sun ƙirga shi. A 2015, ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya ta saka ungulun gari, wannan mai jan kai da muka sani a kwata, a mataki mafi haɗari, wanda daga shi sai ɓacewa. A shekarar aka saka wasu nau'o'i uku na Afirka a wannan matakin, ciki har da babbar nan da tsofaffi ke kira maiki, wadda a 1973 ɗaya daga cikinsu ta yi karo da jirgin sama a saman Abijan a tsayin mita 11,300.

Wani babban bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a wannan lokacin ya duba nau'o'in ungulu takwas na Afirka, ya gano sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a shekara talatin. Ungulun gari kuwa an ƙiyasta ta ragu da kashi 83 cikin 100 a tsawon zuriya uku. Da suka duba dubban gawarwakin da aka san sanadin mutuwarsu, kashi 61 guba ce, kashi 29 farauta ce don magani da tsubbu, kashi 9 kuma wayoyi da turakun lantarki. Wato tara cikin goma, hannun ɗan Adam ne kai tsaye.

A Najeriya an san nau'o'i bakwai a da. Gidauniyar NCF mai aikin kare muhalli, wadda hedikwatarta ke Lekki a Ikko, ta daɗe tana faɗa cewa yanzu biyu ne kawai ake iya gani ba tare da wahala ba: ungulun gari, da wadda ke cin kwakwar manja a kurmi. Ita ma ta garin, kun ji amsar da na samu a Dei-Dei.

Ɗa ɗaya a shekara, kamar saniya

Duk ɗan kara zai gane lissafin nan da sauri. Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa, in ka kwashe rabi ba ta san an yi ba. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Tana kwanci a kansa kusan kwana hamsin, mace da namiji suna karɓa-karɓa. In ya ƙyanƙyashe, ɗan yakan yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya iya tashi, bayan nan ma iyayen suna ci gaba da ciyar da shi na wani lokaci. Sannan sai ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa.

Ka ga ke nan kamar saniya take. Mu mun san abin da ke faruwa da garke idan aka riƙa yanka shanu masu ciki: yau ka samu kuɗi, bayan shekara biyar ka nemi maraƙi ka rasa. Haka abin yake a nan. Duk ungulu babba da aka kashe da rani, an kashe har da ƙwan ko ɗan da ke jiran ta a sheƙa.

Kuma ba kowace bishiya take hawa ba. Tana son doguwa mai duhuwar ganye: maɗaci, rimi, kuka, giginya, tsohuwar tsamiya. In ta samu wadda ta yi mata, takan koma sheƙar nan shekara da shekaru tana ƙara mata ƙirare. Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, ya lura da halinta ne. Daga ƙwai zuwa tashin ɗa, bishiyar na buƙatar ta yi wajen rabin shekara ba a sare ta ba, ba a sassabe ta ba, ba a hau ta ba. A yankinmu wannan lokacin yana faɗowa ne daga ƙarshen kaka zuwa cikin rani, daidai lokacin da aka fi gini, aka fi ƙona gawayi, aka fi saran ganye.

Abin da ya cinye bishiyoyin Abuja

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiri babban birnin tarayya, aka kuma tare a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991. Kafin nan wannan ƙasa ta Gbagyi da maƙwabtansu daji ce da gonaki da rafuka masu manyan itatuwa a gefe. Ƙidayar 2006 ta ba yankin mutum miliyan 1.4, yau kuwa duk wanda ya bi hanyar Kubwa ko Nyanya ko Lugbe da safe ya san an ninka wannan. Kowane sabon rukunin gidaje da katafila yake farawa, kuma babbar bishiya ita ake fara kayarwa. Ana dasa wasu, gaskiya ne, amma ƙananan itatuwan ado na bakin titi ba za su ɗauki sheƙar ungulu ba, maɗacin da zai ɗauka kuwa sai ya shekara talatin ko fiye.

Na biyu gawayi. Tun da gas da kananzir suka yi tsada, ku dubi buhunan da ake jerawa a hanyar Gwagwalada zuwa Abaji da hanyar Kaduna. Mai gawayi itace mai nauyi yake nema, irin wanda ungulu ke so.

Na uku namu ne, kuma dole in faɗa. Da rani in ciyawa ta ƙare, makiyaya da yaran kara suna hawa maɗaci da kawo da maɗobiya su sassabe rassa don shanu su ci ganye. Ni ma na yi. Ba mugunta ba ce, yunwar dabba ce. Amma in akwai sheƙa a sama, ranar nan ƙwan ya tashi aiki. Wani bincike da aka yi a yankin Garango na Burkina Faso, inda har yanzu ungulu ke haihuwa cikin gari, ya nuna sassabe bishiya da kwashe ƙwai suna cikin manyan abubuwan da ke lalata sheƙa.

Na huɗu, abincinta ya ragu. A zamanin da Baba ya fara, jini da wasu kayan ciki da ƙashi zubarwa ake yi. Yanzu a kwata ba abin da ke faɗuwa ƙasa. Jini ana dafa shi a shanya don abincin kaji, ƙashi da ƙaho da kofato duk da masu saye, fata ta zama ganda. Wannan ci gaba ne ga aljihunmu, ban ce a daina ba. Amma mu sani cewa mun rufe mata tukunya.

Kasuwar da ta fi komai ɓarna

Duk waɗannan da sauƙi a kan na biyar, wato farauta. Akwai masu imani cewa kan ungulu ko ƙwaƙwalwarta ko ƙwanta yana sa a ga abin da ke ɓoye, ko a ci caca, ko a ci zaɓe, ko a warkar da farfaɗiya da taɓin hankali. Wannan imani bai tsaya a ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba. Ana samun kayan a rumfunan 'yan magani a arewa da kudu, har zuwa kasuwar Dantokpa a Kwatano da Akodessewa a Lome. Wani bincike da Ralph Buij da abokansa suka yi kan kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan tsuntsaye da aka ƙirga a rumfuna a Najeriya suke, sai Jamhuriyar Benin ke bi mata.

Yadda ake kama su ne abin tsoro. Ana barbaɗa maganin ƙwari na gona mai ƙarfi a kan nama ko mushen jaki, a ajiye a fili. Ungulu ba ta ci ita kaɗai, in ɗaya ta sauka sauran na biye. Cikin ɗan lokaci sai a kwashi gomomi. A farkon 2020 a ƙasar Gini Bisau, musamman yankunan Bafata da Gabu, an tsinci gawar ungulun gari sama da 2,000, da yawa an yanke musu kai. Masu bincike sun danganta abin da wannan fatauci na tsallaka iyaka.

Da namu suka yi ƙaranci, sai mafarauta suka tsallaka maƙwabta. Ga misali ɗaya da aka bi diddiginsa. A 2013 masana a ƙasar Girka suka ɗaura wa wani ɗan farar ungulu na'urar bin sawu, suka sa masa suna Paskalis. Ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara, ya sauka a jihar Damagaram ta Nijar. A farkon 2014 na'urar ta nuna wani abu ya faru. Da aka bi sawu, sai aka gano wani maharbi ne da ya shigo daga Najeriya ya kashe shi don ya sayar. Tsuntsun da ya tsallake teku da hamada, kasuwarmu ce ta ci shi.

A Nijar ɗin akwai wuraren da manyan ungulaye ke haihuwa har yanzu: duwatsun Kutus a yankin Gure, da gandun dajin Gadabeji a arewacin Maraɗi, da Tarmit. Ƙungiyar Sahara Conservation da ma'aikatan gandun daji suna zagayawa suna ƙirga sheƙa a can. Amma ko an tsare dutse da daji, tsuntsu ba ya zama wuri ɗaya, kuma muddin akwai mai saye a Najeriya, za a samu mai hawa dutsen.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Kayan nan daga arewa suke gangarowa kudu, kuma hanyar ɗaya ce da ta shanunmu. Shekara biyu da suka wuce muna lodi da dare, wani mutum ya zo da ƙaramin buhu a ɗaure, ya ce a taimaka a sauke masa a kurmi, zai ba yaron mota kuɗin da ya fi na ɗaukar buhun albasa sau da yawa. Baba ya ce a kwance. Busassun kawuna ne na tsuntsaye, da fukafukai. Baba ya ce masa, "Malam, ɗauki kayanka. Motar nan halak take ɗauka." Mutumin bai yi gardama ba, ya wuce wajen wata motar. Ban san ko an karɓa ba. Abin da na sani shi ne bai yi kama da wanda ya fara ranar ba.

Me ya shafe mu?

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a fuska: ana sace mutane a hanya, ana ƙona mana kasuwanni, haraji ya ishe mu daga Lokoja zuwa Ikko, kai kuma kana kukan tsuntsu mai wari. Maganar tana da nauyi. Amma ku ba ni dama in kawo abu uku.

Na farko ya faru a kurmi. A watan Yuni 2019 aka wayi gari da gawarwakin ungulaye da dama a kasuwar Eke-Ihe da ke ƙaramar hukumar Awgu a jihar Inugu. Bidiyo ya bazu a WhatsApp da Facebook, nan take jita-jita ta tashi cewa naman shanu ne aka sa wa guba, mutane suka tsorata da sayen nama. To wa ake kallo in an ce an sa wa naman shanu guba a kudu? Ni da kai ne. Mafarauci zai zuba gubarsa ya kwashi abin da ya kwasa ya ɓace, mahauci da mai suya da bafatake su ne za su kwana da fargaba. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021 mun san ƙaramar magana na iya zama gobara. Duk wanda ya ajiye nama mai guba kusa da kwatarmu, da rayukanmu yake wasa.

Na biyu cuta. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfi da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, kuma tana cinye shi da wuri kafin ya ruɓe. Wani gwaji a Kenya ya nuna in babu ungulu mushe yakan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, kuma karnuka da sauran dabbobi sun fi taruwa a kansa suna cuɗanya. Ku tuna 2023. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda saboda ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaras, da ya ɓulla a arewacin Gana. A watan Yuli aka tabbatar da shi a wata gona a Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja, nan bakin Abuja. Kowa ya san yadda ciniki ya yi sanyi a makonnin nan. Ban ce rashin ungulu ne ya kawo cutar ba. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da mushe ke kwana uku a fili karnuka na ja, ƙasa ce da kowace cuta za ta samu wurin zama, kuma in ta tashi kasuwarmu ake fara rufewa.

Na uku darasin Indiya. A can shanu da yawa ba a yanka su, in sun mutu ungulaye ne ke cinyewa, miliyoyinsu. A shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar diklofenak don rage zafi da kumburi, maganin nan da muke saye a kemis don ciwon jiki. Ashe in saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta lalace. Cikin shekara goma sha biyar wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma an makara. Karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. A 2024 masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Gwaji ya nuna ungulun Afirka mai farin baya ita ma maganin yana kashe ta. Akwai wani mai suna meloksikam da aka tabbatar ba ya yi musu illa. Mu da muke soka wa shanun da suka galabaita a tirela allura da kanmu, ya kamata mu riƙa karanta abin da ke jikin kwalba.

Takardun da aka sa wa hannu a Abuja

Ba za a ce ba a yi komai ba. Tun 1985 Najeriya ke da dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, aka gyara ta a 2016 aka ƙara tara. Akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli. A 2025 Majalisar Wakilai da ta Dattawa suka amince da sabon ƙudurin kare namun daji mai hukunci mai tsanani, wanda ɗan majalisa Terseer Ugbor daga Binuwai ya gabatar. A watan Oktoba 2022, a nan Abuja, wakilan ƙasashen Afirka ta Yamma da masana, tare da BirdLife da NCF, suka yi taron da ya haifar da shirin ceto ungulu na shekara ashirin, daga 2023 zuwa 2043. NCF ta kuma zauna da masu maganin gargajiya a wasu jihohin arewa don su koma amfani da itatuwa a maimakon sassan ungulu, kuma wannan dabara ce mai kyau, domin ta tafi wajen mai saye.

A ganina giɓin da ya rage shi ne wannan. Tunanin hukuma game da kare dabba shi ne gandun daji: a shata iyaka, a sa masu gadi, kamar Yankari ko Gashaka. Wannan zai yi wa giwa aiki. Ungulun gari kuwa maƙwabciyar mutum ce, inda ake yanka nan take, inda tsohuwar bishiya ta rage a bayan kasuwa nan take haihuwa. Ba mai gadin dajin da zai zo ya tsare maɗaci ɗaya a bayan kwata. Wanda zai iya shi ne wanda ke wurin tun asuba har dare: Sarkin Fawa, shugaban kara, dillali, mai shayi. Shirin da ba a fassara shi da Hausa da Fulatanci da Yarbanci an kai shi rumfar waɗannan ba, zai ƙare a cikin kabad. Yanzu da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ta tarayya a 2024, ya dace ta ɗauki maganar mushe da magungunan dabbobi da tsarin kwata a matsayin aikinta, kada a bar wa ma'aikatar muhalli ita kaɗai.

Abin da ke hannunmu

Ba sai mun jira kowa ba. A ƙarshen Fabrairun 2021 ƙungiyar fataken abinci da shanu ta ce kada mota ta gangara kudu, kuma cikin kwanaki kaɗan duk ƙasar ta ji a jikinta. Ƙungiyar da ta iya wannan, za ta iya abin da ya fi shi sauƙi.

A yi doka a kowace tasha da kara cewa ba a ɗaukar ƙullin da ba a kwance an gani ba. Wannan ma kariya ce ga direba, domin in aka kama kaya a motarka kai za a riƙe.

Duk kwata ko kara da ke da babbar bishiya, shugabanni su sa ido a kanta. In akwai sheƙa, a hana hawa da sassabe daga kaka har ruwa ya sauka. In za a faɗaɗa rumfuna, a zagaye ta. 'Yan uwa na kurmi, ku kuna da dama fiye da mu, domin a wasu garuruwan Yarbawa da Ibo har yanzu akwai al'adar hana taɓa ta, igun a can, udele a can. Wannan wuri ne da mu da masu masaukinmu za mu haɗa kai a kan abu ɗaya.

In an ga baƙo yana ajiye nama a fili kusa da inda suke sauka, ko yana tambayar inda sheƙa take, a kai shi gaban shugabanni a sanar da hukuma. Kada a ɗauki doka a hannu. In kuma an ga sun mutu da yawa wuri ɗaya, kada a taɓa, a kira likitan dabbobi tun kafin jita-jita ta riga mu.

A daina sa wa mushe guba don kashe karnuka ko kuraye, domin ungulu ce ke fara sauka. Dabbar da ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a bar ta a fili, a kira likita a binne da zurfi.

Malamanmu na masallatan Sabo da zango su taɓo maganar a wa'azi. Sun daɗe suna jan kunne kan zuwa wajen boka da kuma zaluntar dabba, to ga wuri da biyun suka haɗu.

Ranar Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya. Ba sai mun buga riga da hula ba. Ya isa a ce ranar kowace kara ta tura yara biyu su ƙirga ungulayen da suka gani da bishiyoyin da ke da sheƙa, a rubuta a littafin ƙungiya. Bayan shekara uku za mu san ko muna gaba ko muna baya.

Da na gama rubutun nan na karanta wa Baba a rumfa bayan la'asar. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Duk na ji. Amma akwai rimi ɗaya a ƙauyen da muke sayen harawa, bara da hunturu na ga biyu a kansa. In da gaske kake, gobe ka je ka gaida mai unguwar, ka roƙe shi kada ya bari a sayar wa masu gawayi."

Na ce to, Baba. Gobe in Allah ya kai mu da sassafe zan hau babur. Ku ma in akwai irin wannan bishiyar a inda kuke, ku je ku dube ta a makon nan. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a kasuwa.